Ni Ce Likitan da Ya Ce Mijina Ya Warke

Gaisuwa mai yawa gare ka mai kula da wannan fili, da dukan masu karatu, Musulmi da Kirista. Ina roƙonku don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don ni kaina na riga na zagi kaina iya zagi, babu abin da za ku faɗa wanda ban faɗa wa kaina ba ina tsugune gaban murhu. Kada ka buga sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, saboda unguwarmu in ka yi atishawa a bakin famfo sai an yi maka sannu a bakin titi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ni nawa ya cika har ya kusa fashewa, shi ya sa na ari biron 'yata na zauna rubuta wannan.

Ni matar aure ce, muna haya a Nasarawa, nan Kaduna. Mijina, wanda zan kira Baban Rahila, yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan na Kakuri, a sashen saƙa, inda ƙarar inji ta sa ko a ɗaki yake magana sai ka ce yana kiran wani a ƙetaren kogi. Ni kuma ina dafa shinkafa da wake in kai bakin ƙofar kamfani in sayar wa ma'aikata in an tashi aiki. 'Ya'yanmu huɗu, babbar ita ce Rahila, tana ajin ƙarshe a sakandare, ita ce 'yar lelen ubanta. Mijina mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya neman mata, dattijo ne a majami'armu. Amma yana da zuciya. Kai, zuciya! Ashana ɗaya ta ishe shi kamawa, in kuwa ya kama, ko fasto sai ya ja gefe.

Shekarun baya ya yanke jiki ya faɗi a gaban inji, aka kwashe shi zuwa asibitin kamfani. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ciwo ne da ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi. Ya rubuta masa wata farar ƙwaya, guda da safe, guda da yamma, har iyakar rai. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Madam, abu biyu na ɗora miki. Kada ya fasa shan maganin nan, kuma kada ki bari ransa ya ɓaci. Gishiri ma ki janye hannu." Na riƙe maganar nan kamar ayar haddace. A lokacin ba mu da matsala, don kamfani ke biyan komai, ka nuna kati kawai a zuba maka magani a 'yar takarda ka kama gabanka. Ni ce mai zuwa karɓo masa duk wata, don shi ba ya son a riƙa ganin ƙafarsa a asibitin. Ana raɗe-raɗin cewa in za a rage ma'aikata, masu yawan zuwa asibiti ake fara zarewa, shi ya sa sai dole ta yi dole yake leƙawa a gwada masa jini ya fito da sauri.

Sai ga wannan abu da ake kira SAP ya shigo. Ni ban san fassararsa ba, abin da na sani shi ne tiyar shinkafar da nake saye ta koma kamar zinariya, kuma ma'aikatan da ke cin faranti biyu suka koma faranti ɗaya mutum biyu. Ana nan ana nan, wata rana na je taga karɓar magani, na miƙa kati kamar kullum, sai Malam Sule, disfensan da ke zuba maganin, ya riƙe katin bai juya ba. Ya ce, "Maman Rahila, ba ki ji sabuwar doka ba? Yanzu rabi-rabi ne. Kamfani rabi, ma'aikaci rabi." Na ce, "Rabin me?" Ya ce, "Rabin kuɗin magani, da rabin kuɗin ganin likita." Na ce, "To shi ciwon ma za su ɗauki rabinsa ne?" Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya, amma ni wallahi ba wasa nake ba.

Ku tsaya ku duba mini wannan rashin adalci. Wanda zazzaɓi ya kama sau ɗaya a damina, ya biya rabinsa ya sha ya warke ya manta, shi ba abin da ya dame shi, har ma cewa yake ai kamfani ya kyauta da bai janye gaba ɗaya ba. Mu fa? Mu da za mu tsaya a tagar nan wannan wata, mu tsaya na gaba, mu tsaya na bayansa, har ranar da za a sa mutum a akwati? Ku zo ku ga layin nan: masu ciwon suga, masu asma da ƙurar audugar kamfanin ce ma ta toshe musu ƙirji, wata mata da ɗanta mai sikila. Fuskoki iri ɗaya duk wata, mun san juna kamar 'yan adashe. Wanda ya zauna a ofis mai fanka ya rubuta "rabi-rabi", ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa zai fi jin abin a jikinsa? Ai wannan ba doka ba ce a kan ma'aikata, tara ce aka ci marasa lafiya don sun ƙi mutuwa da wuri.

Da na dawo gida na gaya wa Baban Rahila, sai da na yi da na sani. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito raɗau, yana cewa shekara nawa yana shaƙar ƙurarsu, gobe-goben nan sai ya shiga ofishin manaja ya gaya masa abin da ubansa bai taɓa gaya masa ba. Na riƙe rigarsa ina ba shi haƙuri, ina tuna masa mutane nawa aka sallama a watan da ya wuce. Da ƙyar ya zauna. Ya ce zai riƙa ware kuɗin daga albashi, amma ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ki ji da kyau, Maman Rahila. In suka ƙara ko kwabo a kan wannan, a bar maganin. Ba zan haɗiye makarantar Rahila ƙwaya-ƙwaya ba." Wanda ya san mijina ya san in ya faɗi magana ko ƙasa da sama za su haɗe ba ya janyewa.

To sun ƙara. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Malam Sule ya ce daga waje ake shigo da ƙwayar, naira kuma kullum sai faɗuwa take, har rabin yau ya zo ya fi gudan bara. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ban gaya wa mijina ba, ina zan fara? Na riƙa cikawa daga ribar shinkafa, riba ta ƙare na shiga uwar kuɗi, na sayar da atamfata mai kyau da nake zuwa biki da ita, na ce masa aro na ba wata. Har aka zo watan da na zazzage duk abin da ke ƙullin zanena a kan tagar, Malam Sule ya duba ya ce, "Maman Rahila, wannan na rabin wata kaɗai zai ba ki." Na ce ya ba ni hakan. Na biyo bakin layin dogo ina tafe ina magana ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya. In na gaya masa gaskiya zai daina sha gaba ɗaya, ko ya je ya yi rigimar da za ta ci aikinsa. In na yi shiru, tsakiyar wata magani ya ƙare.

Da na shiga ɗaki na juye ƙwayoyin a faranti ina kallonsu, sai idona ya faɗa kan wata 'yar tsaga da ke tsakiyar kowace ƙwaya. Shekaru ina ba shi maganin nan ban taɓa lura da ita ba. Sai zuciyata ta ce, to me ya sa bature ya yi mata tsaga in ba don a raba ba? Ai da babu gara ba daɗi. Na ɗauko sabuwar reza, na kifa faranti, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rabawa, na zuba a wata kwalba da na wanke, takardar kuma na cusa ta a murhu. Da yamma ya dawo, ya wanke ƙafa, na miƙa masa ruwa da rabin ƙwaya. Ya ɗaga ta sama yana dubawa ya ce, "Wannan kuma fa? Ɓera ya shiga maganin?" Wallahi ban shirya abin da zan ce ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Likita ne. Ya duba gwajin da aka yi maka wancan karon ya ce jinin ya sauka, a koma rabi."

Jama'a, da ya yi mini tsawa ko ya ce bai yarda ba, da ya taimake ni. Amma mutumin nan sai ya ajiye kofin, ya durƙusa a kan simintin ɗaki ya ɗaga hannu sama, hawaye na zuba, yana cewa, "Na gode Ubangiji, na gode, ka ji kukan bawanka." Namijin da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka binne uwarsa! Ya kira yara ya ce su zo su ji abin da Allah ya yi wa babansu, suka kama waƙar yabo. Ni ma na bi su ina tafi. Me kuke so in yi? In ce masa tashi, ƙarya nake? Na ce a raina wata ɗaya ne kawai, kasuwa za ta gyaru in koma sayen cikakke in ce likita ya sake shawara. Kasuwa ba ta gyaru ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutumin da aka ce masa ya samu sauƙi zai fara rayuwa irin ta mai sauƙi. Ya fara ture miyata yana cewa, "Haba Maman Rahila, wannan lami har yaushe? Miƙo gishiri." Ya fara tsayawa wurin mai balangu ranar albashi. Ya sa sunansa a masu ƙarin aiki bayan an tashi, wai ya tara wa Rahila kuɗin jarrabawa. Ranar Asabar kuma ya hau keke tun daga nan har Kakau, inda yake da 'yar gonar masara, ya wuni yana noma cikin rana. Ni kuwa ina gani. Ina ganin yadda yake dafe ƙeya in ya zauna, ina ganin idonsa ya kaɗa ya yi ja, ina ganin in ya miƙe sai ya dafa bango tukuna. In na ce, "Baban Rahila, ka dai bi a hankali," sai ya ce, "Ke dai akwai ƙarancin bangaskiya, gajiya ce kawai." Ranar da na yi ciniki mai ɗan kyau nakan sayo ƙari a kantin magani in daka rabin ƙwaya in zuba masa a kunu ba tare da ya sani ba. Har faɗa ya yi mini wai gerona ya fara ɗaci, in canza wurin saye.

Sai ranar Lahadin da fasto ya ce ko akwai mai shaida. Kafin in ankara mijina ya miƙe ya fita gaba, ya zaro rabin ƙwaya daga aljihu ya ɗaga wa jama'a, da muryar nan tasa ta masaƙa. Ya ce, "'Yan'uwa, kamfani ya ce rabi-rabi don ya cuce mu, Ubangiji kuma ya ce rabi-rabi don ya cece mu!" Majami'a ta ɗauka. Matan zumunta suka buga tulu suka rangaɗa guɗa, aka jawo ni tsakiya ana yafa mini gyale, ana cewa ga matar da ta yi jinya Allah ya share mata hawaye. Na yi rawa. E, na yi rawa a gaban bagade a kan ƙaryar da na ƙulla da bakina. Na ɗauka iyakar kunyar da zan sha ke nan.

Bayan an tashi sujada sai ga Baba Ishaya ya biyo mu gida. Baba Ishaya maƙwabcinmu ne, ya girmi mijina sosai, shi ya koya masa aikin inji tun yana sabon zuwa daga ƙauye, kuma ciwonsu ɗaya, ƙwayarsu ɗaya, duk wata tare nake layi da shi a tagar Malam Sule. Ya zauna a benci ya cire hula ya ce, "Ashe ana iya raba abin nan? Ni kuwa ya kusa tsiyata ni." Na ce, "Baba, ai gara ka ga likita tukuna, jinin kowa daban." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ganin likitan ma ai yanzu rabi-rabi ne. Tunda likita ɗaya ke duba mu, abin da ya ce wa ƙanena ai ya ce mini." Na sake buɗe baki, mijina ya katse ni, "Ke wai ba ki son wani ya samu sauƙi ne? Ɗauko rezar ki nuna wa Baba yadda ake yi." Baba Ishaya ya zaro tasa takardar maganin daga aljihu. Na ɗauko reza, na kifa faranti. Da hannun nan nawa da nake rubutu da shi na raba masa ta farko, ya karɓa ya ce Allah ya yi mini albarka.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To tawa ta yi 'ya'ya. Ba a yi wata biyu ba, wata safiya ina tsame shinkafa sai na ji ihun matar Baba Ishaya daga bayan katanga. Muka ruga muka tarar da shi a ƙasa bakin ƙofar banɗaki, buta a gefe, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar tsumma. Ɓarin jiki ya shanye. Kuɗi rabi, ƙwaya rabi, yanzu ga mutum rabi. Ni ba likita ba ce, ban sani ba ko da ma can zai faɗi ko da yana shan cikakkiya, nakan gaya wa kaina haka in zuciyata ta matsa mini. Amma da na kai musu abinci asibiti, matarsa ta ce mini nas ta yi ta faɗa, wai wane mara hankali ne ya ce ya rage magani? Ita kuma ta amsa mata cewa ai likitan kamfani ne. Tana ba ni labari tana tsine wa likitan nan, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ni kuma ina riƙe da kwanon miya ina gyaɗa kai. Baba Ishaya yana kwance ba ya iya magana, amma idonsa na hagu garau yake, kuma tun da na shiga har na fita a kaina yake.

Kun san abin da mijina ya ce a hanyar dawowa? Cewa ya yi, "Baba ya yi gaggawa. Shi ai likita bai ce jininsa ya sauka ba, ni aka ce wa." Sannan ya ce, "Da ma ban bari kin nuna masa ba." Na ga abin yana cinsa, don ranar ko tuwo bai taɓa ba. Mutumin da ɗan wannan laifi ya hana shi cin abinci, yaya zai yi ranar da ya ji cewa babu wani likita, babu wani jini da ya sauka, matarsa ce da reza?

Da na koma taga ƙarshen wata, na jira layi ya ragu, na ce wa Malam Sule, "Malam, wata maƙwabciyata ce take tambaya, wai in mutum yana shan rabin ƙwayar nan maimakon guda, akwai laifi?" Ya cire tabarau ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ki gaya wa maƙwabciyar taki rabi ba ya riƙe jinin, wasa take da ran mutum. Kuma ki gaya mata abin da ya fi wannan muni shi ne a wayi gari a daina gaba ɗaya." Sannan ya sassauta murya ya ce, "Maman Rahila, na daɗe ina ba ki na rabin wata, kuma ban taɓa ganin kin dawo tsakiyar wata ba. Ki kawo shi a gwada shi." Na ce in na kawo shi, likita ya rubuta cewa jinin ya hau, takardar ba za ta kai ofis ba? Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce shi dai ba shi da ikon ba da bashi, da yana da shi da ya ba ni. Na fito ina jin haushin kowa: haushin kamfani, haushin gwamnati, haushin baturen da ya yi wa ƙwaya tsaga, haushin mijina da taurin kansa, sannan haushin kaina da ya fi duka.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Lahadi ta sama ce ranar godiyar kaka a majami'armu, ranar da kowa ke kawo amfanin gonarsa gaban bagade. Baban Rahila ya riga ya kwaso masararsa daga Kakau ya ware buhun da zai kai. Shekaranjiya yana cin abinci ya ce mini ya yi wa Allah alkawari: wanda ya warkar da rabi ba zai kasa cika sauran ba, don haka ranar godiya zai ajiye kwalbar maganin a kan buhun masara, daga ranar ya gama da ƙwaya har abada. Ya ce in ba shi katin asibitin ya adana, kuɗin da yake warewa kuma daga wannan wata na jarrabawar Rahila ne, har ya gaya wa yarinyar, tana ta murna. Ke nan ko dabarar kunun ma ta ƙare, don ba kati, ba kuɗi. Na ce, "Baban Rahila, ba a gwada Ubangiji." Ya yi murmushi ya ce, "Ba gwaji ba ne, godiya ce. Kuma ke za ki riƙe kwalbar ki shige gaba, tunda ta bakinki albishir ɗin ya zo." Jiya kuma ya dawo da sabuwar atamfa a leda, ya ce ya lura tawa mai kyau wadda na ba da aro har yau ba a dawo da ita ba, kada in tsaya gaban jama'a da tsohon zane.

To ku gaya mini, ta ina zan ɓullo? In na faɗa masa gaskiya, abu uku zan sauke masa a ka lokaci ɗaya: bai warke ba, ya yi shaidar ƙarya a gaban majami'a yana dattijo, kuma a gidansa, da umarninsa, aka raba wa Baba Ishaya ƙwaya. Mutumin da likita ya ce kada in bari ransa ya ɓaci, mai jinin da rabin magani ke riƙe da shi, zai ɗauki wannan a tsaye? In ya faɗi a gabana fa, kamar yadda Baba ya faɗi? In na je wurin fasto, matarsa ba ta iya riƙe ko ruwa a baki, kafin yamma matar Baba Ishaya ta ji, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. In na ja shi wurin likita, wataƙila na ja shi ne zuwa takardar sallama. Ko da kuwa ya ji ya yafe mini, ya ce to a koma guda-guda, da me za a saya? Kuɗin da babu shi jiya ba zai fito don na tuba ba. In kuma na yi shiru, ni da kaina zan ɗauki kwalbar da ke riƙe da ransa, in yi rawa da ita har gaban bagade, in ajiye, in dawo in zauna ina jiran ranar da zan ji ƙarar faɗuwarsa.

Na san na yi laifi, ba sai an tuna mini ba. Amma ni ba guba na ba mijina ba, rabin abin da kamfani ya bar mana na ba shi, don ina tsoron kada ya rasa duka. Masu ilimin likita a cikinku, da malamai, da fastoci, da matan da suka san halin namiji mai zuciya, ku taimake ni da magana kafin Lahadi ta sama. Tela ya ce gobe in je gwajin atamfar. Yanzu haka ina jin ƙarar kekensa a zaure, ya dawo daga aiki, kuma rabin ƙwayarsa ta yamma tana nan a tafin hannuna.

Me zan yi?